Koriyar Tawada

Litinin, 4 ga Maris, 2013

Likita ya ɗaga aikin idona zuwa ranar ashirin ga wata. Takardarsa tana da kuskure biyu. Na gyara da koriyar tawada, irin tamu ta masu binciken bankuna. Husseina ta ce, "Baba, nan Alƙahira ce, ma'alish ake cewa, wato ba komai." Ban haife ta don ta koya mini sakaci ba.

Alhamis, 7 ga Maris

Wata Bahaushiyar Sudan, Awadiyya, ta kawo wa Husseina turaren wuta. Da ta ji sunan garinmu, sai ta ajiye kofin shayi. Mahaifinta, Malam Ya'ƙub, ɗan can ne. Ya tafi Hajji ta ƙasa a 1959, ya bar guzurin komowa a Bankin Fatake, da alkawarin za a aika masa. Aka rufe bankin. Ya ƙare rayuwarsa yana tsinkar auduga a Sudan.



Juma'a, 8 ga Maris

Ni na ƙidaya kuɗin bankin nan, ina ɗan shekara ashirin da biyu. Bankin ya ranta wa En'e kuɗin gina gadar garinmu, bayan bankin Turawa ya ce ba ya zuba dukiyarsa a kogi. Saura kwana tara gwamnati ta biya bashin. Na ga wasiƙar da idona. Amma fom ɗin binciken, abin da ke cikin asusu a ranar kawai ya tambaya, babu gurbin abin da ke tafe. Manajan bankin, Malam Iliya, ya ce, "Ɗana, ƙara layi ɗaya a ƙasa." Na ce doka ba ta tanadi layi ba. Baturen ofishinmu ya yaba tsaftar rubutuna. Da rahoton nan nawa aka rufe bankin. Ko da kuɗin suka iso, masu rufe banki suka fara cire ladansu kafin a waiwayi masu ajiya.

Gadar tana nan. Na ƙetare ta ya fi a ƙirga.

Talata, 12 ga Maris

Lissafina daidai ne. Na sake bi. Daidai ne.

Lahadi, 17 ga Maris

Awadiyya ta dawo. Na gaya mata komai bi da bi, har da ranaku. Sai ta ce, "Alhaji, gadar tana da kyau?" Na ce ƙafa bakwai gare ta, ba ta taɓa tsagewa ba. Ta yi dariya. "To khalas, shi ke nan, ashe Baba ya gina gada bai sani ba." Sai ta rufe fuska da mayafi. Ba ta ce ta yafe ba. Ban ga fuskar roƙo ba.

Talata, 19 ga Maris

Gobe aiki. Awadiyya ta aiko da sunan mahaifinta da na unguwarsu, domin in nemo mata danginsu idan na koma. Sunan garin ma ba daidai ta rubuta ba. Koren birona yana aljihuna, ban ciro shi ba. Na ninke takardar yadda take, na sa a cikin fasfo.

Idon ne ya hana ni gyarawa, ina jin.