A Ƙarfafa Daɓen Kafin a Sa Tayil

Zuwa ga Alhaji mai gidan da muke haya a unguwar Mansur, Makka.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Na rubuta wannan a fili ne saboda wakilinka ya daina ɗaga wayata, ga kwalayen tayil an jibge a ƙofar gida.

Na ɗaya. Banɗakin ɗakin da ka ƙara a saman bene don hayar alhazai, daɓensa katako ne aka shafa wa siminti. Ni da nauyina bai taka kara ya karya ba, in na taka sai ya lotsa. Daɓen da ke motsi ba ya riƙe tayil. Bakin tayil ɗin tsagewa yake, ruwa ya bi ya sauka kanmu.

Na biyu. Ka san ranar fita Mina. Alhazai kan yi wankan harama ɗaya bayan ɗaya, kuma don tsoron yankewar ruwa sai su cika durom su ajiye a banɗakin. A irin wannan rana bara, ruwan ya jiƙa silin ɗinmu har ya ɓallo a kan gadon mahaifiyata tana kwance ba lafiya. Allah Ya tsare, ƙafarta kawai ya samu. Amma ba ta sake yarda ta shiga ɗakin ba. A falo ta ƙarasa jinyarta, ko magani nake ba ta idonta na kan rufi, har Allah Ya karɓi abinsa. Ban ce kai ka kashe ta ba, ajali ne. Sai dai har yau nakan ji ɗigar ruwa alhali babu kowa a sama, in shafa bango in ji shi a bushe. Tsoro nake ji, Alhaji, ba na ɓoyewa. 'Ya'yana ke kwana a ɗakin yanzu.

Roƙona, a ɗaye tsohon daɓen, a cire katakon da ya ruɓe, a gitta ƙarafa a ƙasa, a shafa kwalta, sannan a sa tayil. Ni zan yi wa magini lebura kyauta. In kuwa haka za a lulluɓe shi, a faɗa mini ranar, in mayar da shimfiɗar yara kan matakala.

Allah Ya ƙara maka arziki, Ya tsare naka 'ya'yan a duk rufin da suka kwana ƙarƙashinsa.

Wassalam.
Ɗan hayarka na ƙasan banɗakin.