Babana Yana Ganin Kansa Ne Ya Lalace, Alhali Faifan Ne

Baba mai shawara, ka taimake ni, abin ya tsaya mini a rai.

Mahaifina mai gyaran kwamfuta ne, a shagonsa na girma, a kan cinyarsa na koyi riƙon sukundireba. Kwanan baya wata makaranta ta kawo sababbin kwamfutoci a ɗora musu babbar manhaja. Ya ɗauko faifansa da ya daɗe yana aiki da shi, ya sa. Sai shirin ɗorawar ya tashi lafiya, amma da an zo wurin zaɓar ma'ajiyar kwamfutar, sai ya nuna babu komai. Ya sake, ya sake, ya goge faifan da gefen rigarsa, duk ɗaya.

Tun ranar ya yi sanyi. Ya ce wa mahaifiyata tsufa ya ci kansa, wani mataki yake mantawa, gara ya rufe shago kafin ya ɓata kayan mutane. Ko shayinsa ba ya ƙarasawa.

Na bincika, ba laifinsa ba ne. Shirin da ke faifan ya girmi kwamfutocin, bai san irin ma'ajiyarsu ba. Masu manhajar sun fitar da ɗan gyara da ake sawa a filash, a nuna wa shirin ya karanta shi kafin ya fara. Na sauke, yana cikin jakata. Shin in soka filash ɗin a kwamfutar a bayan idonsa in lallaɓa in yi, ya ɗauka hannunsa ne ya dawo? Ina jin nauyin in zama mai koya masa.

'Yar mai gyara

'Yata,

Na ga tausayi a dabararki, kuma ban raina shi ba. Mu tsofaffi muna son a ce mun iya, ko da rufe ƙofa ne.

Amma duba. In kin yi a ɓoye, yau zai yi murna. Gobe kina kasuwa a kawo wata sabuwa, ta ƙi, ya ce to ga shi, jiya na iya yau na kasa. Kin ga kin tabbatar masa da abin da yake tsoro. Mutumin da ke zargin ƙwaƙwalwarsa, sanin ainihin inda matsalar take ne maganinsa.

Ki same shi lokacin da shago ba kowa. Ki ce kin gano faifan ne ya tsufa, ki ajiye filash ɗin a gabansa. Ki tabbata gyaran daga wurin masu manhajar kika sauke, kuma na irin faifansa ne daidai. Ku gwada a kwamfuta ɗaya tukuna. Shi zai soka, shi zai rubuta umarnin karanta gyaran a allon farko, ke kina karanto masa. In ma'ajiyar ta bayyana, kada ki yi tafi, kada ki ce ai na faɗa. Ki tambaye shi yadda za a raba ta kashi-kashi, wannan fagensa ne, zai yi ta bayani har ki gaji.

In kuma kin lura yana mantuwa a wasu abubuwan, a lallashe shi ya ga likita. Wannan daban.

Nauyin da kike ji, ajiye shi. Wanda ya koyar da 'yarsa sana'a, ranar da ta gano abin da ya shige masa duhu ba ranar kunya ba ce a wurinsa, ko da ya ɗan ɗaure fuska. Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi miki albarka.