Sifanar Kawu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga Autanki. Ina fatan kina lafiya, da maigidan, da 'yan biyu. Yaya ƙafar da kika ce tana damun ki? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya ƙalau, lafiyar ma ta yi mana yawa tunda ba abin da muke yi da ita.

Kin tambaye ni yaya aiki. Yaya, wane aikin? Ke kika kama hannuna bayan na yi sauka, kika kai ni wurin Kawu in koyi gyaran famfo, wai muddin mutane na shan ruwa ba zan kwana da yunwa ba. To suna nan suna sha. Abin da ba ki hango ba shi ne roba. Tun da abubuwa suka tsuke, ba mai kiran mai gyara. Bututu ya fashe, sai mutum ya samo tsohuwar robar taya ya naɗe, ya ja, ya ƙulle, ya miƙe yana huci kamar ya ci yaƙi. Jiya na ga wani mai motoci biyu tsugune a bayan gidansa da singileti, ruwa na fesa masa a fuska, yana ɗaurin roba. Na yi masa sannu da ƙoƙari, ya harare ni. Duk garin nan da roba aka ɗaure shi. Mai faci ne kaɗai ke ƙiba, yanzu yanka robar yake yana sayarwa, har tumbi ya ajiye.

Gine-gine kuwa duk sun tsaya a linta, ciyawa ta fito a ɗakunan. Don haka kullum da safe muna jikin katangar shagon siminti da aka rufe, mu da birkiloli da kafintoci da masu fenti, muna jiran wanda zai zo neman ma'aikaci. Kowace sana'a da layinta, kuma ba mutum ke bin layi ba, kayan aikinsa ne. Birkila ya ajiye cokalinsa a ƙasa, kafinta zarto, mai fenti burushi. Dokar ita ce duk wanda ya ɗauke kayansa, ko aiki ya samu ko bai samu ba, in ya dawo sai ƙarshen layi. Ki ga ƙattin maza zaune suna gadin burushi! Mota ta rage gudu, sai su zabura gaba ɗaya suna gyara hula, ashe rami direba ke kaucewa. Ni kuwa na iya kwaikwayon hon da baki. In na ga sun fara gyangyaɗi sai in danna musu ɗaya daga bayan katanga. Malam bai taɓa tashin mu daga barci da sauri haka ba, ko da bulala.

A layinmu na masu famfo Kawu ne a gaba, yau kwana goma sha biyu. Babbar sifanarsa, wadda yake kira Mai Haƙora, ita ke riƙe masa wuri. Kullum sai ya goge ta da mai, ta fi kowa a layin ƙyalli. Bayansa akwai wani da ya sa wa kansa suna Injiniya. Ya tsinci hular kwano mai ruwan ɗorawa yana yawo da ita, da biro a aljihu, alhali ko ni da allo kaɗai na sani na fi shi rubutu. Ya sayar da manyan kayansa tuntuni, da wani mataccen kan famfo yake riƙe layi.

Bari in faɗa miki abin dariya, amma ya tsaya nan. In za mu koma gida, Kawu sai ya ratse famfon bakin masallaci ya jiƙa ƙafafun wandonsa, ya shafa ɗan gam a yatsu, don Inna matarsa ta ɗauka daga aiki yake. Dattijo da furfura! Inna kuwa, da keken ɗinkinta muke ci, sai ta ce masa sannu da aiki ba tare da ta ɗago kai ba. Ni nakan fita waje in yi dariyata in dawo.

Ki gaida maigidan, ki ja wa 'yan biyu kunne a madadina.

Ƙaninki da kika yi wa zaɓin sana'a,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na ga saƙonki, na kuma ga faɗan da kika yi min kan dariyar Kawu. Ki adana sauran faɗan, za ki buƙace shi yanzu.

Ranar da Kawu ya cika kwana goma sha tara a gaban layi, zaman ya ishe ni. Hon ɗin ma ya daina tashin kowa. Sai na ari wayar mai faci, na zaga bayan katanga, na rufe baki da hankici, na kira Kawu da muryar manya, irin masu magana daga maƙogwaro. Na ce tankina na yoyo, bututun gidan duk sai an sauya, ya zo yanzu, gida mai koren ƙyaure can bayan shataletale na ƙarshen gari. Niyyata ya zabura, a yi dariya, in fito in ce ni ne.

Bai zabura ba. Da na zagayo na tarar ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe riga, ya ɗauki Mai Haƙora ya saɓa a kafaɗa. Ya ce in zauna, dubawa kawai za shi. Ya bi ta gaban birkiloli, ta gaban kafintoci, yana yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, suna ce masa Allah ya ba da sa'a, idanunsu kuwa kamar su haɗiye shi. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ce bari dai ya kai kwana tukuna, dariyar za ta fi daɗi. Ya kai kwana, ya sha kwana, ni ina zaune. Ba zan yi miki ƙarya ba, Yaya, daɗin abin nake ji.

Bayan azahar wata farar a-kori-kura ta rage gudu. Ba wanda ya motsa, an ɗauka ramin ne. Sai ta tsaya cak. Mutum ya leƙo ya ce mai famfo yake nema, za a sauya bututun wani tsohon ginin kwanan ɗalibai, aikin makonni. Wa ke gaban layi? Mataccen kan famfon Injiniya. Ya haye bayan motar yana ɗaga mana hannu, hular kwano a karkace, sai ka ce angon da ba a yi zaton zai samu mata ba.

Kawu ya dawo da la'asar, a ƙafa ya je a ƙafa ya dawo. Ya ce maigadin gidan ya ce ba wanda ya kira kowa, kuma bututun da ke bakin ƙyauren ma da roba aka ɗaure shi. Nan 'yan layi suka yi masa caa da jaje. Munafukai! Kowa na rige-rigen ya zama shi zai ba shi labarin motar, suna girgiza kai, bakinsu na son yin murmushi, don kowannensu ya matsa gaba da taki ɗaya. Kawu ya saurare su har suka gama. Ya je ƙarshen layi, bayan wani da ko zaren famfo bai iya naɗawa ba, ya ajiye Mai Haƙora.

Ranar bai ratse famfon masallaci ba. A bushe ya shiga gida. Inna ta dubi wandon ta gefen ido, ta ci gaba da taka keke.

Daga ni sai mai faci muka san wanda ya yi kiran, shi kuwa duk sanda na wuce sai ya shafa tumbi yana kallona. Ki faɗa min, in faɗa wa Kawu ko in yi shiru?

Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kowa lafiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Amsarki ta iso, layi biyu tak, na kuma fahimta.

Kafin ta iso, Injiniya ya dawo layi yana sosa ƙeya. Ashe bututun ginin na ƙarfe ne irin na da, masu kauri, tsatsa ta cinye su. 'Yan sifanonin da ya aro ko motsa su ba sa yi. A duk layin ba mai abin da zai kama su sai Kawu. Kin zaci ya ce Kawu ya zo a yi aikin tare? Ina! Mai Haƙora ya zo haya, ita kaɗai, wai ba ya son dattijo ya wahala. Kin ji zamanin da muke ciki: ƙarfe ya samu aiki, mai shi bai samu ba.

'Yan layi suka ce Kawu ya ƙi, ba don suna ƙaunarsa ba, don dai su ga Injiniya ya kunyata. Kawu ya ce Mai Haƙora ba ta fita ita kaɗai, in ana son ta sai a haɗa da Auta. Haka na saɓa ta na bi bayan hular kwano kamar akuyar da aka sayar. Wani birkila ya ce ai doka sai da kayan aiki a ƙasa, in ba sifana ba Kawu ba shi da wuri. Kawu ya zaro wayarsa ya ajiye a inda sifanar take, ya ce ita ma kayan aiki ce, kuma ba ta da wani abin yi.

A wurin aikin, Injiniya ko gefen da ake juya sifana bai sani ba. Yana tsaye a inuwa yana nuni da biro, ni ina cikin kwata ina kwance bututu yadda Kawu ya koya min, duk abin da na zaci ban saurara ba ashe ya zauna a hannuna. Na tashi jiƙe sharkaf, jiƙewar gaske.

Da yamma na tarar da Kawu a bakin famfon masallaci. Na ajiye Mai Haƙora a gabansa, na durƙusa, na ce ni ne na kira shi ranar nan. Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Sai ya ce tun daga sallama ya gane ni. Wai muryar da ya sha toshe wa kunne tun tana tsala ihu a zanin goyo, hankici ne zai ɓoye masa ita? Na ce to don me ya tafi, ya bar gaban layi? Ya ce motar nan ni ban san tana zuwa ba, shi ma bai sani ba, don haka wautar mu raba ta biyu. Sannan ya ce kwana goma sha tara wayar nan ba ta yi ƙara ba. Ko ƙarya ce, kira ne. So yake ya ratsa titi sau ɗaya da ƙarfensa a kafaɗa, mutane su gani.

Yaya, gara marin.

Ya wanke hannunsa kawai, bai taɓa wandon ba. Ya ce in shige gaba tunda ni ne jiƙaƙƙe. Da muka shiga gida, Inna ta tsayar da keke, ta ɗago kai, abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta dube ni ta ce sannu da aiki. Kawu na bayana ya ce in amsa mana, ai da ni ake.

Har yanzu wayarsa ce a ƙarshen layi, shi yana zaune a gefenta. Hon kuwa na daina, ko na gwada ba ya fita.

Ki gaida maigidan da 'yan biyu. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Auta