Ruwan da Hadiza ke aunawa

Laraba, 14 ga Maris, 2001. Agege.

Yau na bi jikata Hadiza asibitin da take koyon aiki. Niyyata in ce ta karɓi aikin kamfanin mai da aka yi mata tayi, tunda ba likita za ta zama ba.

Ta kai ni ɗakin injin da ke ƙone ciwon daji da haske. A kan gadon, maimakon majinyaci, sai ga akwatin gilashi cike da ruwa.

Na ce, "Ke, ruwa kike wa magani?"

Ta yi dariya. "Haba Kaka, jikin mutum ai yawanci ruwa ne. A nan nake auna ƙarfin hasken. In ya yi yawa ya ƙone lafiyayyen nama, in ya gaza ciwon ya dawo. Binciken da nake so ke nan."

Shekara ashirin ina ga-ruwa a unguwar nan, ban san abin da nake ɗauka a kafaɗa ba. Allah mai iko.

A waje, majinyata na jere a benci suna jiran ta gama awo. Da ta rako ni bakin danfo, motar hayar da zan hau, ta tambayi maganar da ta kawo ni. Na ce ta riƙe ruwanta, na sa albarka.