Duwatsu Biyu a Gabana

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafarki, ya Auta? Ni lafiya lau, idanuna ne kawai ke ruwa gaban injin goge duwatsu.

Na ji wai Kawu ya ce goge duwatsun ado ba aikin mace ba ne, zan karye. Ki faɗa masa duwatsu biyu ke gabana. Zumurrudu kore ne shar, amma cikinsa duk tsaga, sai mun jiƙa shi da mai mu rufa masa asiri. Yaƙutu jawur yake, shi ke karce zumurrudu, kuma sai ya sha guga yake ƙyalli.

Ba zan dawo ba sai na ƙware. Ki aiko min da kwalli, ki sa min albarka. Ai ba zumurrudu kika haifa ba.

'Yarki