Har Yanzu Ana Kiran Wayar Haisam

Hajja Sittana,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Ɗana Haisam gyaran kwamfuta yake yi a kasuwar Suk al-Arabi, shi da abokinsa Tariq. Kullum ya dawo sai ya ba mu labarin masu kawo gyara. Akwai wanda ya ɗauko gilashin kwamfutarsa kaɗai a keken raksha, ya baro akwatin a gida don ya ɗauka abin ɗora ƙafa ne. Akwai wadda aka ce kwamfutarta ta kamu da cuta, ta turara ta da bakhur, ta lulluɓe ta da bargo. Wani ɗan kasuwa kuma ya zo da fushi wai wurin ajiye kofin shayinsa ya karye, ashe mazubin faifai ne. Mukan yi dariya har abinci ya huce.

Bayan ƙaramar Salla zazzaɓi ya yi ajalin Haisam. Ban yi kuka ba har yau. Ina girki, ina wanki, ina amsa gaisuwa, amma ba na jin komai.

Wayarsa tana hannuna, kuma ana ta kira. Da farko shiru nake yi. Daga baya na fara faɗin abin da na saba ji a bakinsa: a duba ko akwai wuta, a kashe a sake kunnawa. Sau da yawa sai su ce ta tashi, su yi godiya.

Damuwata Malam Muntari ne, wani tsoho a Umdurman. 'Yarsa da ke Jidda ta aiko masa kwamfuta don su riƙa ganin juna. Duk Juma'a sai ya kira ya tambayi inda zai danna, ko ya ce yarinyar ta maƙale a gilashin da baki a buɗe. Nakan ce Haisam ba ya kusa, in nuna masa koren madannin. Yakan ce in gaida yaron kirki. Shi kaɗai ya rage yana ambaton ɗana kamar mai rai. Yanzu ya ce zai kawo masa dabino har gida. Tariq kuma yana roƙon layin, domin masu kawo gyara shi suka sani.

In na faɗa wa tsohon, kamar ranar ce Haisam zai mutu. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Kalakla

'Yar'uwa,

Allah ya jiƙan Haisam, ya sa ya huta. Rashin kuka ba rashin ƙauna ba ne, kuma ba laifi kika yi ba da kika riƙe abin da ke sanyaya miki rai.

Amma dubi ɓangaren Malam Muntari. Yana ƙaunar yaron nan, kuma duk Juma'ar da ta wuce bai sani ba, addu'a ce Haisam ya rasa. Kada ki bari ya iso ƙofarki da dabino ya ji a bakin maƙwabta. Ki kira shi kafin Juma'a, wata 'yar'uwarki na zaune kusa da ke. Ki faɗa masa kai tsaye, ki faɗi dalilin shirunki. Ina kyautata zaton zai gane, shi ma uba ne.

Tariq yana da gaskiya, sana'ar tana buƙatar layin. Ki ba shi, ki riƙe wayar. Ki ba tsohon lambarki, tunda kin iya nuna masa koren madannin. Ki kuma ce wa Tariq ya riƙa leƙo ki da labaran shago. Wataƙila dariya za ta fara zuwa, wataƙila kuka. Duk wanda ya zo ki bar shi. In har kika daina cin abinci ko barci, ki ga likita.

In Malam Muntari ya kawo dabinon, ki karɓa, ku yi wa Haisam sadaka da shi. Allah ya ba ki haƙuri.

Hajja Sittana