Allurar Inna a Firijin Maƙwabta

Ammariyya, Jidda
Agusta 2009

Yaya Jamilatu,

Ina gaishe ki. Yaya maigidan, yaya su Rafi'u da makaranta? Mu lafiya lau muke, sai zafi, shi ma mun saba.

Tun Asabar ba mu da wuta. Mita ɗaya ce ta haɗa gidan duka. Na sama bai biya kasonsa ba, mai gida ya kashe ta kowa. Allurar ciwon sukarin Inna ba ta jure zafi, yanzu tana firijin wata maƙwabciya, kusa da kifinta.

Na taɓa karantawa a jami'a cewa a wasu ƙasashen ƙanƙara doka ta hana a yanke wa talaka ko marar lafiya wuta lokacin sanyi. Na faɗa wa mai gidan. Ya ce, "Ya ukhti, kin taɓa ganin sanyi a Jidda? Wane ne ba shi da lafiya? Faɗi, halas, shi ke nan, in kunna."

Duk ilimin nawa na juyo ban ambaci Inna ba. Kin san Inna da bizar umra ta shigo, ba ta da iƙama, takardar izinin zama. Shi a saninsa ni da mijina Isha'aku kaɗai ne a ɗakin.

Inna ta jiƙa zane ta lulluɓa, ta ce, "Kar ki ambace ni, 'yar nan, gara zafin da a sa ni a jirgi." Yau ko azahar ta kasa tashi.

Ki aiko mana da daddawa, ki sa mu a addu'a. Na ɗauki abayata, zan je in faɗa wa mai gidan Inna ce marar lafiyar. Ta samu barci, zan ja ƙofar a hankali.

Ƙanwarki,
Barakatu